HUKUNCIN TAFIYA HUTU A JIRGIN RUWA NA YAWON SHAƘATAWA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.



Bayan haka, a makon da ya gabata wani ɗan uwa ɗan kasuwa, mai zirga-zirga tsakanin Kano da Dubai, ya turo min tambaya ta akwatin saƙo. Ya ce: "Malam, shekara goma sha biyu ke nan da aurenmu, ban taɓa fita da uwargida ko'ina ba in ba Umara ba. Na ga tallar wani jirgin ruwa da zai tashi daga Dubai ya yi kwana bakwai yana zagaya Tekun Fasha, ya tsaya Abu Dhabi da Doha, ya dawo. Kuɗin bai fi ƙarfina ba. Ya halatta mu je? In mun je, yaya za mu yi da sallah?"

Na ce masa ya ba ni 'yan kwanaki, domin tambayar ba ta "eh" ko "a'a" ba ce. Kuma na ga ba shi kaɗai ba ne, musamman 'yan uwanmu mazauna Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa, shi ya sa na kawo amsar nan don amfanin kowa.

MAS'ALA TA FARKO: MENE NE SHI WANNAN JIRGI?

Malamai suna cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci yadda yake. To mu fara daga nan.

Wannan ba irin jirgin da kakanninmu suka hau daga Sawakin ko Bur Sudan suka tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda ba ne. Wancan abin hawa ne, ka shiga don ka isa wani wuri. Wannan kuwa shi kansa jirgin ne wurin zuwa. Otal ne guda a kan ruwa, da ɗakunan kwana, da wuraren cin abinci, da kantuna, da wuraren ninkaya, da zauren wasanni. Yakan yi tafiya da dare, da safe ya tsaya a wata tasha, mutane su sauka su zaga gari, da yamma su dawo, ya ƙara gaba.

Don ka gane girman abin: jirgin Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara aiki daga Miami a watan Janairu 2024, tsawonsa ya kai mita 365, hawa 20 gare shi, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600 ban da ma'aikata sama da 2,000. Ka ga ai unguwa ce guda take yawo a kan teku. A shekarar 2023 kaɗai mutum sama da miliyan 30 ne suka yi irin wannan tafiya a duniya.

Abu na biyu da ya kamata ka sani shi ne inda kamfanonin ke samun kuɗinsu. Tikitin da kake gani a talla da araha ƙofar shiga ce kawai. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigar manyan kamfanonin yana fitowa ne daga abin da fasinja ya kashe bayan ya shiga: abin sha, caca, kantuna, intanet, da yawon da ake shirya masa a tashoshi. Wato mashaya da gidan caca ba wani ɗan ƙari ba ne a gefe, suna cikin ginshiƙan kasuwancin. Galibi gidan cacar a rufe yake idan jirgi yana tasha, sai ya fita daga ruwan ƙasar, wanda iyakarsa mil 12 ne na teku, kimanin kilomita 22, sannan a buɗe. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

MAS'ALA TA BIYU: ASALIN HAWA TEKU DA TAFIYA DON HUTU

Hawa teku halal ne. Allah Maɗaukaki ya ambaci jiragen ruwa cikin ni'imominsa a wurare da yawa, ka duba Suratun Nahli aya ta 14, da Suratul Isra'i aya ta 66, da Suratur Rahman aya ta 24 inda ya kamanta su da duwatsu. Sahabbai sun yi hijira zuwa Habasha a jirgin ruwa. Abu Musal Ash'ari da jama'arsa jirgi suka shiga daga Yaman, iska ta kai su Habasha, suka haɗu da Ja'afar ɗan Abi Ɗalib, suka iso Madina tare lokacin buɗe Khaibara a shekara ta 7 bayan hijira. Ummu Haram 'yar Milhan kuwa, mace ce, Annabi (SAW) ya yi mata addu'a ta kasance cikin masu hawa teku daga al'ummarsa, ta kuma hau tare da mijinta Ubadatu ɗan Samit zuwa tsibirin Ƙubrus a zamanin halifancin Usman, a can ta rasu.

Tafiya don hutu ita ma asalinta halal ce. Jiki yana da hakki, iyali suna da hakki. Mutumin da ya shekara goma sha biyu matarsa tana ɗawainiya da shi da 'ya'yansa, ya ce bari ya fita da ita ta huta, wallahi wannan kyautata zamantakewa ne, kuma in ya gyara niyya yana da lada. Kada wani ya ce masa "ai da ka je Umara ya fi". Umara ta fi, babu shakka, amma fifikon wani abu ba ya haramta wanda ke ƙasa da shi.

Saboda haka tambayar ba a kan teku take ba, ba kuma a kan hutu ba. Tana kan abin da ke cikin jirgin, da abin da zai faru da addininka a cikin kwana bakwai ɗin nan.

MAS'ALA TA UKU: INDA GIZO KE SAƘAR

Na farko, giya. A yawancin waɗannan jirage ana raba ta a wurin cin abinci, da bakin wurin ninkaya, da zauren wasa. Ya zo a hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya hana mai imani da Allah da ranar Lahira zama a teburin da ake shan giya a kansa. Ka lura, hanin ba a kan sha kaɗai ya tsaya ba, har zaman. A wasu jiragen kuma akan haɗa baƙi da baƙi a tebur ɗaya lokacin cin abincin dare. Wanda ya je dole ya nemi teburinsa daban, shi da iyalinsa.

Na biyu, caca. Allah ya haɗa ta da giya a aya ɗaya, Suratul Ma'ida aya ta 90, ya ce a nisance su. A jirgi sau da yawa gidan cacar yana tsakiyar hanya ne, sai ka ratsa ta cikinsa kafin ka kai wani wurin. Ba kuskuren magini ba ne, da gangan aka yi. Akwai kuma ƙananan wasanni na sayen kati a ci kyauta, waɗanda ake yi wa kallon raha. Duk wasan da za ka sa kuɗi, ko ka ci ko a cinye ka bisa sa'a, caca ne, ko da me aka kira shi.

Na uku, tsiraici. Saman jirgi, inda iska da kallon teku suka fi daɗi, nan ne wuraren ninkaya suke, maza da mata a cakuɗe da kayan wanka. A gari in ka ga abin da ba ka so sai ka canza hanya ko ka koma gida. A tsakiyar teku ina za ka? Wannan shi ne babban bambancin jirgi da otal ɗin kan tudu.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun daɗe da lura da wannan. A babin Hajji, Mukhtasar na Shaihu Khalil ya nuna cewa an karhanta wa mace tafiya ta teku sai in an keɓe mata wuri, saboda jiragen wancan zamani ƙanana ne, babu sutura wajen barci da biyan buƙata. Yau illar ta kau ta wannan fuska, kowa da ɗakinsa da makewayinsa. Amma ta dawo ta wata ƙofa: a da tsoron shi ne a ga al'aurarka, yanzu kuwa kai ne za ka wuni kana ganin ta wasu. In kuma da yara za ka je, ka tambayi kanka me idonsu zai saba da shi kafin ku dawo.

MAS'ALA TA HUƊU: SALLAH A CIKIN JIRGI

Nan ne zan ɗan tsawaita, domin ko wanda ba hutu ya je ba, kamar ma'aikacin jirgi, yana buƙatar wannan.

1. Tsarki. Ruwan teku mai tsarki ne mai tsarkakewa, kamar yadda ya tabbata a hadisin Abu Huraira da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, lokacin da wani ya yi tambaya a kan masu hawa teku da ɗan ruwa kaɗan. Yawancin ruwan famfon waɗannan jirage daga tekun ake ɗebo shi a cire masa gishiri. Alwala da wanka da shi sun inganta. Babu maganar taimama ga mai lafiya a nan.

2. Tsayuwa. Jumhurun malamai, Malikiyya da Shafi'iyya da Hanabila, da manyan almajiran Abu Hanifa biyu, suna kan cewa farilla a tsaye ake yin ta a jirgi, sai in mutum ya kasa saboda jiri ko tsoron faɗuwa. Shi Imam Abu Hanifa ya yi sauƙi a kan zama idan jirgin yana tafiya. Magana mafi rinjaye ita ce ta jumhur, balle waɗannan manyan jirage da sau da yawa ba ka ma jin motsinsu. Ranar da igiya ta yi ƙarfi ka kasa tsayuwa, ka zauna, babu komai.

3. Alƙibla. Wajibi ne ka fuskance ta lokacin kabbarar harama, in jirgi ya juya kana cikin sallah ka juya ka koma kanta gwargwadon iko. Abin lura: kamfas ɗin waya yakan rikice a cikin jirgi, domin ƙarfe ne ya kewaye ka ta ko'ina. Ka fita fili ka duba rana, ko ka duba taswirar da ake nunawa a talabijin ɗin ɗaki wadda ke nuna inda jirgi ya dosa, ko ka tambayi ma'aikata. In ka yi iya ƙoƙarinka, sallarka ta yi.

4. Lokaci. Agogon jirgi ba shi ne ma'auni ba, domin wani lokaci jirgi yakan riƙe agogon tashar da ya taso alhali ya shiga wani yanki. Ma'auni shi ne rana a inda kake: ɓullowar alfijir, zawali, faɗuwar rana. Kada ka dogara da jadawalin garin da ka baro. Masu zuwa arewacin Norway da bazara, inda rana kan ƙi faɗuwa, su nemi malami ya yi musu bayanin ƙaddara lokaci tun kafin su tashi.

5. Ƙasaru. Tafiyar teku kamar ta tudu ce, in ta kai nisan ƙasaru, wato buridi huɗu, kimanin kilomita 80 da 'yan kai. Tunda jirgi ba ya kwana huɗu a tasha ɗaya, hukuncin matafiyi yana kanka har ka dawo. Amma akwai sharaɗi. A wurin Malikiyya da Shafi'iyya da Hanabila, wanda ya yi tafiya don saɓo ba shi da wannan rangwame. Malamai sun bambanta tsakanin mai saɓo da tafiyarsa, da mai saɓo a cikin tafiyarsa. Wanda ya sayi tikiti don ya samu inda zai sha ya yi caca ba mai ganinsa, shi ne na farko, ba ya ƙasaru. Wanda ya tafi da niyya mai kyau sai ya yi tuntuɓe a hanya, shi ne na biyu, ya tuba ya ci gaba da ƙasarunsa. Malikiyya sun ƙara da karhanta ƙasaru ga wanda tafiyarsa wargi ce tsantsa. Abin da nake gani, wanda ya fita don hutawa da kyautata wa iyali bai shiga wannan ba, ya yi ƙasaru.

6. Haɗa salloli. Ga wata mas'ala da da yawa ba su sani ba: a mashhurin mazhabar Malikiyya, rangwamen haɗa Azahar da La'asar ko Magariba da Isha saboda tafiya na matafiyin tudu ne, ban da na teku. Shafi'iyya da Hanabila sun halatta a duka biyun. In ka duba, a jirgi me zai hana ka yin kowace sallah a lokacinta? Ba tuƙi kake ba, ɗakinka yana kusa, ruwa yana nan. Ka yi kowacce a kan lokaci. Ranar da kuka sauka gari kuka shiga mota, ka ji tsoron lokaci zai kuɓuce, ka haɗa.

7. Juma'a. Ba ta wajaba a kan matafiyi ba, kuma ba a tsayar da ita a cikin jirgi. Ka yi Azahar raka'a biyu. In ranar ta same ku a tashar da ke da masallacin Juma'a ka halarta, ta isar maka.

Kafin mu bar nan, ga wani abin tsoratarwa. Malaman Malikiyya sun ce teku kamar tudu yake wajen wajabcin Hajji, sai in halaka ta fi rinjaye, ko mutum ya san jiri da amai za su sa ya tozarta sallah. Subhanallah! In Hajji, rukunin Musulunci, ba a yarda ka bi hanyar da za ta ɓata maka sallah don shi ba, ina ga hutu? Wanda ya san teku tana kwantar da shi, har ya kasa ɗaga kai, ya nemi wani wurin hutawa.

MAS'ALA TA BIYAR: ABINCI

Kifi da sauran abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, Suratul Ma'ida aya ta 96, kuma a wurin Malikiyya babu togiya a ciki. Hanafiyya ne suka taƙaita a kan kifi. Matsalar tana wajen nama, da naman alade da ake sa wa cikin wasu girke-girke, da giyar da ake zuba wa miya ko kayan zaƙi. Wasu kamfanoni suna tanadar abincin halal in ka nema makonni kafin tafiya. Ka nema a rubuce. In babu, kifi da ƙwai da ganye da shinkafa sun ishe ka kwana bakwai. Kada ka ji kunyar tambayar mai kawo abinci me aka sa a ciki.

Sai kuma almubazzaranci. Abinci a buɗe yake kusan dare da rana, ka ɗiba yadda kake so. Nan ne za ka ga an cika faranti an ci rabi an bar saura. Don an riga an biya ba ya halatta maka zubarwa.

MAS'ALA TA SHIDA: KUƊI DA HAKKIN MA'AIKATA

A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi. Kati ɗaya ake ba ka, shi ne makullin ɗaki, shi ne kuma aljihunka, sai ranar sauka a kawo lissafi. Mutum ba ya jin zafin abin da bai ƙirga da hannunsa ba. Ka lissafa tikitin jirgin sama, da biza, da kuɗin hidima da ake ɗora wa kowane fasinja kullum, kafin ka ce "bai fi ƙarfina ba". Wanda ake bin sa bashin da lokacinsa ya yi, ko bai fitar da zakka ba, ko yana da halin sauke farali bai sauke ba, ya fara da waɗannan. Cin bashi mai ruwa don a je hutu kuwa, wannan babu saɓani a kan haramcinsa.

Ka kuma tuna da masu yi maka hidima. Da yawansu daga Filifin da Indiya da Indonesiya suke, akwai Musulmi a cikinsu. Sukan yi watanni a kan ruwa ba su ga iyalinsu ba, suna aiki kwana bakwai a mako. Jiragen galibi suna ɗauke da tutar ƙasashe irin su Bahamas da Panama da Malta, saboda sauƙin haraji da dokokin aiki. Kada ka yi wayon hana su kuɗin hidimarsu, kada ka daka musu tsawa.

MAS'ALA TA BAKWAI: TEKU BA TA SAN HUTU BA

Ranar 13 ga Janairu 2012 jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio a Italiya, mutum 32 suka mutu, ga gaɓa ana hango ta. A watan Fabrairu 2020 aka killace jirgin Diamond Princess a Yokohama ta Japan da mutum sama da 3,700 a ciki, fiye da 700 suka kamu da korona. Ban kawo wannan don in ce tafiyar halaka ce ba, aminci shi ya fi rinjaye a kanta. Na kawo ne don abu biyu. Na ɗaya, atisayen ceto da ake yi kafin tashi, inda ake nuna maka rigar kariya da inda za ka taru in wani abu ya faru, halartarsa riƙo da sababi ne, kada ka raina. Na biyu, ka karanta Suratu Yunus aya ta 22 da 23, inda Allah ya siffanta mutanen da iska mai daɗi ke tafiya da jirginsu suna murna, guguwa ta taso suka koma ga Allah shi kaɗai, da ya tsirar da su suka manta. Abin kunya ne a saɓa wa Allah a wurin da ko mushirikan Makka suke tsarkake masa addu'a.

TAƘAITACCIYAR AMSA

Wanda ya san kansa, ya san in ya je zai faɗa cikin sha ko caca ko sakin ido, ko sallah za ta tafi, tafiyar haramun ce a kansa.

Wanda ya amince da kansa da iyalinsa, zai keɓe teburinsa, ya nisanci wuraren saɓo, ya tsare sallolinsa, ba zan ce masa ya yi haramun ba. Amma barin irin wannan jirgi ya fi masa, musamman in akwai yara, domin ya biya kuɗi mai yawa ne don ya wuni yana kauce-kauce.

In kuma ya samu jirgin da babu waɗannan abubuwa, to asalin halaccin yana nan. Misali, kamfanin Cruise Saudi ya fara tafiyar da jirginsa mai suna Aroya daga Jidda a watan Disamba 2024, ba a sayar da giya a ciki, babu gidan caca, akwai wuraren sallah. Ba talla nake yi ba, shi ma ka binciki shirye-shiryensa kafin ka biya. Mace kuma ba ta yin wannan tafiya sai da miji ko muharrami.

Ɗan uwana mai tambaya, niyyarka kyakkyawa ce, kada ka fasa fita da uwargida. Ka dai zauna da ita ku karanta wannan tare, ku zaɓi inda za ku dawo da hutu a jiki, ba tare da kun bar wani abu na addininku a can ba.

Wallahu ta'ala a'alam. Wanda ya ga gyara ya yi mana, wanda ya amfana ya tura wa ɗan uwansa. Allah ya tsare mu a tudu da teku, ya sa mu cika da imani.